WASANNIN FESPIC: YADDA WANI LIKITA YA FITAR DA NAƘASASSUN ASIYA DAGA GADON ASIBITI

Ran 1 ga watan Yuni na shekarar 1975, 'yan wasa 973 daga ƙasashe 18 suka hallara a lardin Oita, cikin tsibirin Kyushu da ke kudancin ƙasar Japan. Waɗansu sun shigo filin bisa keken guragu, waɗansu suna dogara sanda, waɗansu kuwa makafi ne da 'yan jagora. Kwana uku suka yi suna gwada ƙwazonsu a tsere da ninƙaya da harbin kibiya da sauran wasanni. Wannan taro shi ne mafarin gasar da aka sani da sunan FESPIC, watau Wasannin Naƙasassu na Gabas Mai Nisa da Kudancin Tekun Pasifik.

An yi gasar sau tara cikin shekara 31, kana aka rufe ta a 2006. A yau ba kasafai ake jin sunanta ba, amma daga cikinta ne wasannin naƙasassu na nahiyar Asiya suka tsiro. Abin da ya fi jan hankali a tarihinta shi ne, mutumin da ya ƙago ta ba lambobin zinariya ne suka dame shi ba. Burinsa shi ne naƙasasshe ya bar gadon asibiti, ya sami aikin yi, ya ci guminsa kamar kowa.

ASALIN AL'AMARIN

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda duk ya sami rauni a lakar ƙashin baya ba a cika sa masa rai ba. Galibi gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su ne ke ƙarasa shi cikin ɗan lokaci. A shekarar 1944 Gwamnatin Ingila ta buɗe sashe na musamman domin irin waɗannan majiyyata a asibitin Stoke Mandeville, ta kuma danƙa shi a hannun Dakta Ludwig Guttmann, wani likita Bayahude da ya gudo daga Jamus a 1939.

Guttmann ya kafa doka cewa a riƙa juya majiyyaci a kan gado dare da rana don kada gyambo ya kama shi. Da zarar ya sami sauƙi sai a ɗora shi bisa keke, a ba shi baka da kibiya ko ƙwallo. A ganinsa wasa magani ne, gama yana ƙarfafa kafaɗa da hannu, yana kuma mayar wa mutum da zuciyarsa. Ran 29 ga Yuli 1948, ranar da aka buɗe wasannin Olamfik a London, mutum 16 suka yi gasar harbin kibiya a harabar asibitin. A 1952 tsofaffin sojojin ƙasar Holan suka shiga, a 1960 kuwa aka kai wasannin birnin Rum inda 'yan wasa wajen 400 daga ƙasashe 23 suka kara. Wannan shi ake lissafawa a matsayin gasar Faralamfik ta farko.

A wannan shekara ta 1960 ne wani matashin likitan ƙashi daga asibitin Gwamnati na garin Beppu, mai suna Yutaka Nakamura, ya je Stoke Mandeville neman ƙarin ilmi. An haife shi a 1927, watau yana da shekara 33 ke nan. Ya tarar da cewa aikin fiɗa da magungunan da ake yi a can ba su fi na ƙasarsa ba. Amma duk da haka mafi yawan majiyyatan suna komawa gidajensu da wuraren aikinsu cikin 'yan watanni, alhali a Japan irinsu sukan share shekaru a kwance. Bambancin da ya gani ɗaya ne: a Ingila majiyyaci yana motsa jiki, ana kuma shirya shi don komawa cikin jama'a.

SUKA DA TSANGWAMA

Da ya koma gida ya fara sa majiyyatansa wasa, sai aka yi masa ca. Abokan aikinsa likitoci suka ce zai lalata jiyyar da aka sha wahala a kanta. Waɗansu mutane kuma suka zarge shi da mayar da naƙasassu abin kallo. A zamanin, iyalai da yawa sukan ɓoye naƙasasshen ɗansu a cikin ɗaki saboda kunya. Nakamura bai ja da baya ba. A 1961 ya shirya gasar naƙasassu ta lardin Oita, a 1962 kuma ya kai 'yan wasa biyu Stoke Mandeville, har sai da ya sayar da motarsa don cika kuɗin tafiya.

Da aka zo gasar Faralamfik ta birnin Tokyo cikin watan Nuwamba 1964, shi aka naɗa shugaban ayarin Japan mai mutum 53. A nan ne ya ga abin da ya hana shi barci. Kusan dukkan 'yan ayarinsa daga asibitoci da gidajen jiyya aka kwaso su, kuma can za su koma bayan gasa. Baƙin da suka zo daga Turai da Amurka kuwa, da yawansu ma'aikata ne masu albashi da iyali. In an tashi daga fili sai su tari taksi su shiga gari sayayya. Japan ta sami lambar zinariya ɗaya tak, a ƙwallon tebur, amma ba wannan ne ya fi ci wa likitan rai ba. 'Yan wasan nasa da kansu suka nuna masa cewa abin da suke so shi ne aiki.

Saboda haka a watan Oktoba 1965 ya kafa wata ma'aikata a Beppu mai suna Taiyo no Ie, ma'ana Gidan Rana. Manufarta ita ce naƙasasshe dama yake bukata, ba sadaka ba. Da farko ƙananan sana'o'in hannu ake yi, kuma ba riba. Nakamura ya yi ta yawo kamfani kamfani yana neman a ba su kwangilar aiki, ana sallamarsa hannu banza, har ya gamu da Kazuma Tateisi, mai kamfanin Omron. A 1972 suka haɗa jari suka buɗe masana'antar Omron Taiyo, inda masu keken guragu ke haɗa kayan lantarki. Kamfanin Sony ya bi sahu a 1978, Honda kuma a 1981. Ma'aikatan suna karɓar albashi, suna kuma biyan haraji, abin da likitan ya ɗauka shi ne shaidar cikakken ɗan ƙasa.

DALILIN KAFA GASAR YANKI

Tun da akwai wasannin Stoke Mandeville da na Faralamfik, me ya sa aka bukaci wata gasa dabam? Dalili na farko shi ne nisa da tsada. A farkon shekarun 1970, ƙasashen Asiya da tsibiran Pasifik kaɗan ne ke iya biyan kuɗin jirgin sama zuwa Turai don 'yan wasa da masu kula da su da kekunansu. Sakamakon haka gasar duniya ta zama kusan ta ƙasashe masu arziki kaɗai.

Dalili na biyu, wasannin Stoke Mandeville na masu keken guragu ne kawai, musamman masu raunin laka. A Asiya kuwa naƙasa iri iri ce. Akwai waɗanda cutar shan inna ta shanye wa ƙafa, akwai waɗanda yaƙe-yaƙen Koriya da Biyetnam suka raba da gaɓoɓinsu, ga kuma makafi masu ɗimbin yawa. Gasar da ta tsaya ga masu raunin laka kaɗai ta bar mafi yawan naƙasassun yankin a waje.

A 1974 aka kafa Ƙungiyar FESPIC, shekarar da ta biyo kuma aka yi gasar farko a Oita da Beppu, daidai da cikar Gidan Rana shekara goma. An buɗe ƙofa ga masu keke da waɗanda aka yanke wa gaɓa da makafi baki ɗaya. A nan FESPIC ta riga gasar duniya, domin sai a 1976, a birnin Toronto na Kanada, aka shigar da makafi da masu yankakkiyar gaɓa cikin wasannin Faralamfik na bazara. Yarima mai jiran gado na lokacin, Akihito, da matarsa Michiko sun halarci gasar, abin da ya ƙara mata daraja a idon jama'ar da a da ke ɓoye naƙasassunsu.

YADDA AKE DAIDAITA 'YAN WASA

Mai kallo na iya tambaya yadda mai hannu ɗaya zai yi tsere da mai ƙafa ɗaya a ce an yi adalci. Amsa ita ce ba a haɗa su. Kafin gasa, likitoci da masana wasanni sukan gwada kowane ɗan wasa, su duba ƙarfin tsokarsa da motsin gaɓoɓinsa ko iyakar ganinsa, sa'an nan su sa shi cikin aji tare da waɗanda naƙasarsu ke tauye su daidai da shi a wannan wasa. Shi ya sa a tseren mita 100 kaɗai akan sami lambobin zinariya da dama, kowane aji da tasa.

A wasannin ƙungiya kuwa lissafi ake yi. A ƙwallon kwando na masu keke, kowane ɗan wasa yana da maki daga 1 zuwa 4.5 gwargwadon yadda yake iya sarrafa jikinsa, kuma jimlar makin mutum biyar da ke cikin fili kada ta wuce 14. Ta haka koci ba shi da ikon ajiye masu tsananin naƙasa a benci ya cika fili da masu sauƙi. A ƙwallon raga ta zaune, filin mita 10 ne da mita 6, tsawon ragar kuwa mita 1.15 ga maza, mita 1.05 ga mata. Makafi suna da nasu wasan mai suna golbol, mutum uku uku, da ƙwallo mai nauyin kilo 1.25 wadda aka sa wa ƙararrawa a ciki, don haka dole 'yan kallo su yi tsit. Masu ɗaga nauyi kuwa a kwance rigingine bisa benci suke turo ƙarfen daga ƙirji.

Wannan tantancewa tana cikin manyan amfanin gasar yanki. Ɗan wasan da ƙwararru na ƙasa da ƙasa ba su tabbatar da ajinsa ba, ba shi da hanyar shiga gasar duniya komai gwanintarsa. Gasar da aka yi kusa da gida ita ke kawo masa masu tantancewa, ta kuma horar da likitoci da alƙalan wasa na ƙasarsa.

DAGA GARI ZUWA GARI

Shugabannin FESPIC sun so gasar ta riƙa zagayawa, har zuwa ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki, domin duk garin da ya karɓi baƙuncinta tilas ya gyara matakala da makewayi da motocin ɗaukar jama'a. Ta biyu an yi ta a Parramatta, kusa da birnin Sidni na Ostareliya, a 1977. Ta uku a Sha Tin na Hong Kong a 1982, lokacin yankin yana ƙarƙashin mulkin Ingila. A nan ne 'yan wasan Jamhuriyar Jama'ar Sin suka fara shiga gasar, shekara biyu kafin su bayyana a wasannin Faralamfik na 1984.

Ta huɗu an yi ta a 1986 a garin Surakarta, wanda ake kira Solo, cikin tsibirin Jawa na Indonisiya. Ba a zaɓi garin haka kawai ba. A can ne Dakta Soeharso ya kafa cibiyar ƙera ƙafa da hannu na roba domin waɗanda suka naƙasa a yaƙin neman 'yancin ƙasar. Har yanzu Solo ce cibiyar wasannin naƙasassu ta Indonisiya, ta kuma karɓi gasar naƙasassu ta ƙasashen Kudu Maso Gabashin Asiya a 2011 da 2022.

Nakamura bai ga gasar Solo ba, gama ya rasu a watan Yuli 1984 yana da shekara 57. Amma kafin rasuwarsa ya bar wani abin tarihi. A 1981, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin naƙasassu, an ƙi barin masu keke su shiga tseren dogon zango na Beppu zuwa Oita tare da masu gudu a ƙafa. Sai ya shirya musu nasu, wanda ya zama Tseren Kekunan Guragu na Duniya na Oita, ɗaya daga cikin mafiya suna a irinsa.

Bayan rasuwarsa gasar ta ci gaba da bunƙasa. Ƙasashe da yankuna 41 suka je Kobe a Japan a 1989, 42 kuma suka je birnin Beijin a 1994. Gasar Beijin ita ce babbar gasar naƙasassu ta ƙasa da ƙasa ta farko da Sin ta shirya, shekara shida bayan kafa Ƙungiyar Naƙasassu ta ƙasar a ƙarƙashin Deng Pufang, ɗan shugaba Deng Xiaoping, wanda shi kansa mai keken guragu ne. Shekara goma bayan wannan, a birnin Atina a 2004, Sin ta zo ta ɗaya a wasannin Faralamfik, ta kuma riƙe wannan matsayi a 2008 da 2012 da 2016, da gasar Tokyo da aka yi a 2021, da ta Faris a 2024.

A Bankok ta ƙasar Tailan cikin Janairu 1999, da Busan ta Koriya ta Kudu a 2002, an shigo da sabon tsari: aka yi gasar a gari ɗaya da Wasannin Asiya na masu lafiyar jiki, jim kaɗan bayan an gama su. Ta haka naƙasassu suka sami manyan filaye da masaukai na zamani ba tare da an kashe sabon kuɗin gini ba.

RUFE GASAR

Gasar ƙarshe an yi ta a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, daga 25 ga Nuwamba zuwa 1 ga Disamba 2006. Ƙasashe da yankuna 47 suka kara a wasanni 19, ciki har da ƙasashen Yammacin Asiya irin su Iran. Ita ce mafi girma a tarihin gasar, kuma a nan aka yi bankwana.

Ba rashin kuɗi ko rashin 'yan wasa ne ya kawo ƙarshenta ba. Kwamitin Faralamfik na Duniya, wanda aka kafa a 1989, ya bi tsarin nahiyoyi irin na Olamfik, inda Asiya take dabam, ƙasashen Tekun Pasifik kuma dabam. FESPIC kuwa ta haɗa Gabashin Asiya da Ostareliya da tsibirai a inuwa ɗaya. Saboda haka aka rushe ƙungiyar, aka haɗe ta da Majalisar Faralamfik ta Asiya, aka sami Kwamitin Faralamfik na Asiya. A madadin FESPIC aka fara Wasannin Naƙasassu na Asiya a Guangzhou ta Sin a 2010, sai Incheon ta Koriya ta Kudu a 2014, Jakarta a 2018, da Hangzhou, wadda annobar korona ta sa aka ɗage ta daga 2022 zuwa Oktoba 2023. Lardin Aichi da birnin Nagoya na Japan aka ba ta 2026, watau gasar ta koma ƙasar da aka haife ta.

Canjin ya zo da riba da hasara. Sabuwar gasa ta fi tsohuwar kuɗi da 'yan kallo da tsauraran sharuɗɗan cancanta. Amma ƙananan ƙasashen tsibirai irin su Fiji da Papuwa Niyu Gini, waɗanda FESPIC ta zame musu babban dandali, sun fita daga ciki. Bugu da ƙari, tsauraran sharuɗɗa sukan fifita ƙasar da ke da kuɗin horar da zakaru da sayen kekunan tsere masu tsada, alhali manufar farko ita ce a jawo wanda bai taɓa fita daga ɗaki ba. Wannan ja-in-ja tsakanin neman lambobi da neman shigar kowa bai ƙare ba har gobe.

INA AFIRKA TA TSAYA?

Sauran yankunan duniya sun bi wannan hanya daga baya. Ƙasashen nahiyar Amurka sun fara tasu gasar a birnin Meziko a 1999, na Kudu Maso Gabashin Asiya kuma a Kuala Lumpur a 2001. A Afirka an daɗe ana raɓa 'yan wasannin naƙasassu a jikin Wasannin Afirka, kamar yadda aka yi a Abuja a 2003. Gasa mai zaman kanta ba ta samu ba sai cikin Satumba 2023 a Akara, babban birnin Gana, shekara 48 bayan taron Oita. Wasanni uku kawai aka yi: ƙwallon ƙafa na masu yankakkiyar gaɓa, ƙwallon kwando da tanis na masu keke. Gana ce ta ci zinariyar ƙwallon ƙafa bayan ta doke Maroko.

Ba ƙarancin gwanaye ne ya jawo wannan jinkiri ba. Nijeriya ta fara zuwa wasannin Faralamfik a Basalona a 1992, ta dawo da zinariya uku, kuma masu ɗaga nauyinta sun yi suna a duniya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gasa ta kusa wadda za ta riƙa zuwa a kan lokaci, inda sabon ɗan wasa zai sami aji, ya gwada kansa, kafin a yi zancen tsallaka teku.

Sai dai tarihin FESPIC ya nuna cewa fili rabin aiki ne. Shekara ɗaya bayan gasar Oita, watau 1976, Japan ta wajabta wa kamfanoni ɗaukar naƙasassu kashi 1.5 cikin 100 na ma'aikatansu, ta kuma ɗora tara a kan manyan kamfanonin da suka gaza. A Nijeriya, dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci wadda aka sa wa hannu cikin Janairu 2019 ta tanadi kashi 5 cikin 100 na guraben aikin hukumomin Gwamnati, ta kuma bukaci a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. Cika wannan tanadi yana hannun ma'aikatan da ke tsara kasafi da masu ɗaukar aiki.

A Beppu, Gidan Rana yana nan yana aiki tun 1965. Kowace safiya masu keken guragu sukan nufi masana'antu, a ƙarshen wata su karɓi albashi. Da wannan ma'auni Dakta Nakamura ya auna nasarar wasanninsa: ba yawan lambobin da ɗan wasa ya rataya ba, a'a, inda ya nufa washegarin ranar da aka rufe fili.